Mayyar Shafi na Talatin da Ɗaya

Mai firam ya yanke igiyar da aka ɗaure kwalin da ita. Yana ɗaga murfin wani wari ya daki hancinsa, irin warin takardar da ta yi shekaru a ɗakin da ba a buɗewa. Kyankyasai biyu suka fito a guje, ɗaya ya bi ta bayan hannunsa. Ya yarfar da shi yana tsaki.

"A hankali, malam," in ji matar da ta kawo kwalin, tana toshe hanci da bakin mayafinta. "Abin da ke cikin nan tarihi ne. Ba irin hotunan da ka saba buga wa katako ba ne."

Tarihi, amma aka bar wa kyankyaso ya yi ta kashi a kai shekara arba'in. Mai firam bai faɗa ba, ya dai sa safar hannu. Matar 'yar wani mai zane ce da ya rasu bara waccan, wanda ya yi hotunan littafin tatsuniyoyin nan mai koren bango da kusan duk wanda ya yi firamare a garin ya karanta. "Madam" direbanta yake ce mata, shi ma mai firam ya bi sahu. Kamfanin da ya buga littafin zai sake fito da shi, kuma ranar Asabar za a baje ainihin zane-zanen a wani babban zaure. Guda ashirin da huɗu ne, kowanne yana bukatar firam.

"Gilashi biyu za ka sa, gaba da baya," ta ce. "Ban da katako a bayan. A tsakiyar zaure za a rataye su, mutum ya ga hoto, ya zagaya ya karanta abin da Baba ya rubuta. Ai daɗin abin a baya yake. Juya wannan ka gani."

Ya juya. A gaba kura ce sanye da takalmin aro, tana ɗingishi. A baya an rubuta da fensir: "Kura, fuskar mai gidan hayarmu ranar da ya zo yi mana kashedi." Madam ta ƙyalƙyale da dariya. Ta ce Baba bai taɓa zana fuska daga ka ba, duk wani dodo da aljani da ke littafin mutum ne da ya gani a titi.

Mai firam ya san da haka, tun yana ɗan shekara tara ya sani. Tun da ta ambaci littafin a bakin ƙofa ya san abin da ke jiransa a cikin kwalin. Ya ci gaba da ɗaga takardun ɗaya bayan ɗaya, yana share su da buroshi mai laushi, yana jan lokaci. Ta goma sha bakwai ce.

Mayya ce zaune a bakin rijiya, an yi ta da baƙar tawada, layi sirara-sirara. Ga farce zaƙo-zaƙo, ga haƙora biyu a waje. A wuyanta akwai wani ƙullutu kamar ƙaramar ƙwarya, kuma kana gani ka san a nan mai zanen ya fi ɓata lokaci, don sai da ya fito da kowace jijiya. Tatsuniyar ta ce a ciki take tara muryoyin yaran da ta haɗiye. Sai dai zanin jikinta mai furanni ne, ɗaurin kanta ya zauna daram, ga 'yan kunne masu lilo.

"Ga tauraruwarmu!" in ji Madam, har da tafi. "Ita ce a fosta, ita ce a jikin kofuna da riguna. Dubi wuyan nan, don Allah. Har yau in na kalle shi sai tsigar jikina ta tashi. Ka san masana sun yi rubutu a kan kwalliyar nan? Wai Baba yana nuna mana ita ma mugunta tana ado. Kai, Baba ke nan! Juya mana."

Ya juya. Rubutun ya ɗan koɗe, amma yana karantuwa: "Mai gawayi, bakin tasha. Wuyan na gaske ne, ban ƙara komai ba. Abin ƙyama a ido, amma alƙalami yana so."

"A asalin tatsuniyar fa babu maganar wuya," Madam ta ci gaba. "A tulu mayyar take ɓoye muryoyin. Da marubucin ya ga zanen sai ya gyara labarin. Shi ya sa nake so a ga bayan nan. Cikin ɗaruruwan da za su zo ba za a rasa wanda ya san matar ba. In tana raye, ranar rufewa mu zaunar da ita ƙarƙashin hoton, jama'a su ɗauki hoto da ita. Za mu ɗan yi mata alheri. Allah dai ya sa wuyan yana nan."

"To, Madam," in ji mai firam. Har murmushi ya yi mata.

Da motarta ta tashi ya zagaya bayan shago ya tofar da yawu, ya kuskure baki sau uku, ɗacin bai tafi ba. Turaren da ta bari ya cakuɗe da warin kwalin, shagon ya ƙi shiguwa. Ya ji ƙyamar matar, ya ji ƙyamar ubanta da ke kabari, ya ji ƙyamar murmushin da ya yi, wanda ba wanda ya tilasta masa.

Mai gawayin bakin tasha uwarsa ce. Maƙoƙo ya fito mata tun kafin a haife shi, kuma kafin littafin ya zo babu wanda abin ya dama, mata ce kawai mai ciwon wuya da ke auna gawayi da gaskiya. Shekarar da aka raba littafin a makarantu, yara suka gane ta. Sukan tsaya daga nesa su haɗa baki: "Amayo su! Amayo su!" In ta ɗago kai su watse. Wasu iyayen ma suka daina aiken 'ya'yansu wurinta, wai ba don sun yarda ba, don dai yaro ya ƙi zuwa.

A ajinsu kuwa, ranar da malam ya ce a buɗe shafi na talatin da ɗaya, wani ya ɗaga murya ya ce ai uwar wane ce. Aji ya ɗauki dariya, malam yana buga tebur yana danne tasa. Shi kuma ya miƙe tsaye, ba wanda ya ce ya miƙe, ya ce da ƙarfi, "Ba uwata ba ce. Mai kawo mana gawayi ce." Bai taɓa gaya wa kowa wannan ba, ko yayarsa, ko matarsa. Daga baya an yi wa Inna aiki an cire maƙoƙon, suka bar unguwar, ta tsufa a ɗakin da ya gina mata a gidansa. A sabuwar unguwa ba wanda ya san ta da wani suna sai Inna.

Yana tsaye a kan zanen, mai gyaran agogo da ke maƙwabtaka da shi ya leƙo, gilashin aikinsa a goshi, ya zo aron ƙusa kamar kullum.

"La ila! Wa nake gani?" Ya matso yana washe baki. "Wallahi matar nan ta hana ni barci a aji uku. Har fitsarin kwance ta sa ni." Ya sa hannu a maƙogwaronsa, ya kumbura kumatu, ƙato da shi mai jikoki. "Amayo su! Amayo su! Ka tuna? Ko ku a makarantarku ba a yi?"

"An yi."

"Kai dai ba ka da raha. Ba ni ƙusa biyu in tafi, shagon nan naka yau kamar ɓera ya mutu a ciki."

Da ya fita, mai firam ya jawo aljihun tebur ya ɗauko magogin fensir. Rubutun da fensir mai laushi aka yi shi, shafa uku ko huɗu ya tafi. Zai ce wa Madam danshi ne ya ci, dama wasu takardun sun yi tabo. In babu rubutun, hoto ne kawai na mayya. In yana nan, wani tsohon direban tasha ko wata tsohuwar maƙwabciya za ta karanta, ta ce ai na san inda suka koma, sai mota ta tsaya a ƙofar gidansa.

Ya ɗora magogin a kan harafin farko, hannun ya ƙi. Shekara ashirin da biyu yana wannan sana'a, bai taɓa taɓa abin da ke jikin kayan mutum ba, ko ɗigon tawada ne. Ya ce a ransa Inna ce ke da hakkin abin, bari ya je ta ji daga bakinsa. Gaskiyar magana kuwa, so yake wani ya ce masa goge. Ya sa zanen tsakanin kwalaye biyu masu kauri, ya ɗaure, ya jefa magogin a aljihu, ya rufe shago da rana tsaka.

Bas ɗin a cike take, ga zafi, ga warin gumi, kwandasta yana ta tura mutane baya. Ya rungume kwalayen a ƙirji kada a lanƙwasa. A wata mahaɗa suka tsaya, ya ga fosta uku a jere a jikin katanga. An faɗaɗa hoton, an yanke rijiyar da rabin zanin, an bar fuska da wuya, an kuma shafa wa ƙullutun wani ja-ja da babu shi a zanen asali. Wani ya riga ya manna cingam a kan ta tsakiya. Ya kawar da kai har suka wuce.

Ya tarar da Inna a inuwar baranda, kan 'yar kujerarta, tana tsintar tsakuwa a shinkafa. Tabaranta ɗaure da zare a gefe ɗaya, wata uku ke nan yana cewa zai kai a gyara. Ƙarƙashin haɓarta tabon aikin yana nan, siririn layi da ya ɓace cikin tamoji.

"Auta, lafiya da tsakar rana? Ko an kore ka daga shagonka?"

Ya durƙusa ya gaishe ta, ya rasa ta inda zai fara, sai kawai ya kwance kwalayen ya miƙa mata. Ta goge hannu a zani, ta karɓa ta gefe-gefe kamar yadda ta sha ganin yana yi, ta kawo takardar daf da hancinta. Ta daɗe tana kallo.

"Ikon Allah," ta ce. "Ashe 'yan kunnen sun fito haka. A littafin duk sun dagule."

"Inna, kin san mutumin da ya yi?"

"Yo ba dole ba? Kwana biyu yana zaune a bencin mai shayi yana kallona. Rana ta uku ya zo ya gaishe ni da ladabi, ya ce littafin yara yake yi, yana so ya sa ni a ciki. Na ce ni, da wannan wuyan? Ya ce ai shi bai ga komai ba. Na ce to wa zan zama? Ya ce za ki gani." Ta gyara tabarau. "Na ce ya bari sai gobe, ba zan shiga littafi da baƙin gawayi ba. Na yi wanka har sau biyu. 'Yan kunnen nan na ƙanwata ne, Allah ya jiƙanta, sai da na rantse mata ba zan yar ba. Zanin kuwa babanku ya saya min, ban taɓa ɗaura shi ba sai ranar. Wuni guda ban auna gawayi ba don kar in ɓata jikina, mutane suna zuwa ina cewa su dawo gobe. Na zauna na miƙe baya, ya ce in ɗan ɗaga haɓa, na ɗaga. Ina cewa a raina ƙila uwar wata yarinya zan zama, ka san a tatsuniya ba a rasa uwa mai jira a gida."

Ta yi 'yar dariya.

"Sun ce wai hikimarsa ce, kwalliyar," ya ce. "Har masana sun yi rubutu a kai."

"Hikimar ƙanwata dai. Faratan da haƙoran ne nasa."

Ya gaya mata komai: zauren, gilashi biyu, kofuna da riguna, da kujerar da ake so a aje mata ƙarƙashin hoton. Ya karanta mata rubutun baya, ya tsallake layin ƙarshe. Ta ce da saura, ta ga layi uku ne. Ya karanta. Ta ɗauki wata tsakuwa ta jefar. Sannan ya zaro magogin daga aljihu ya nuna mata.

"In kin ce in goge, yanzu zan goge. Ba wanda zai sani."

"Kada ka goge wa mutane kayansu. Amana aka ba ka. Kuma wuyan nawa ne, a nan bai yi ƙarya ba."

"Za su neme ki, Inna. Matar nan ba ta da kunya, har gida za ta zo."

"Ta zo mana, ruwa dai za ta sha ta koma. Ba inda za ni. Na yi wa gidansu kwalliya sau ɗaya, ta isa." Ta miƙa masa zanen, ta jawo farantinta. "In kuma abin ya dame ka, in sun zo sai ka ce musu mai kawo muku gawayi ce."

Ta faɗa ne a sauƙaƙe, idonta a kan shinkafa. Mai firam ya ɗago ya dube ta.

"Ranar ruwa ake," ta ce. "Ka fita ba lema, na rufe gawayi na biyo ka da ita. Ina bakin tagar ajinku. Muryarka kuwa tubarkalla, har ajin gaba sun ji."

"Inna..."

"Lemar dai na koma da ita. Ka dawo a jiƙe, ka yi kwana huɗu kana mura. Wannan kam na yi nadama."

"Ba ki taɓa yi min maganar ba."

"In ce me? Yaro ne kai, an taru a kanka. Na ji zafi, ba zan ɓoye maka ba, ya fi na takardar nan nesa ba kusa ba. Amma na ce zai girma." Ta ɗago ta dube shi ta saman tabarau. "To ga shi ka girma, har da furfura a gemu, ka zo min da abin goge fensir a aljihu. Ni ban ɓuya ba, Auta. Duk tsohuwar unguwa ta san ni, in na je gaisuwa har yanzu mai gawayi suke ce min. Kai dai ka duba wa kake ɓoyewa. Tashi ka koma aikinka, ka tare min haske."

Kunya ta rufe shi. Duk ƙyamar da ya wuni yana rabawa tsakanin Madam da ubanta da mai agogo, sai ga ta ta dawo masa gaba ɗaya, kuma ta zauna daidai. Ya ɗaure kwalayen. Har ya kai ƙofa ya dawo, ya ce ta ba shi tabaran ya kai gyara. Ta ce sai ta gama tsintar, ba za ta ci tsakuwa don shi yana jin kunya ba.

La'asar ta yi kafin ya koma shago. Ya buɗe ƙofa da taga duka, ya fitar da kwalin waje ya sha iska. Cikin ashirin da huɗun, da ta goma sha bakwai ya fara. Ya auna, ya yanka gilashi biyu, ya goge su har ba sauran tambarin yatsa. Ya zaɓi baƙin katako siriri, ya haɗa kusurwoyin da kyau, don aikin banza ba ya fita daga shagonsa ko na wane ne.

Ɗabi'arsa ce duk firam ɗin da ya gama ya manna 'yar takardar shago a baya, mai lambar wayarsa. Wannan karon babu katakon da zai manna a kai. Ya yanko siririyar farar takarda, ya kwantar da ita tsakanin gilasan ta baya, ƙasa da zanen, inda ba ta taɓa kayan mutane ba amma duk mai karanta rubutun fensir sai idonsa ya sauka a kanta. Ya ɗauki biro ya yi rubutu da manyan baƙi, ya sa lambarsa a ƙasa. Ya rufe, ya buga ƙusoshi, ya bi gefen da gam. Mai son cire takardar sai ya fasa gilashi.

Ya san Madam za ta kira, ƙila da faɗa, ƙila da murna, kuma murnar ce ta fi ba shi ƙyama. Ko wanne ne, shi za ta samu a waya, kuma amsar ɗaya ce, Inna ba ta zuwa.

Mai agogo ya leƙo zai rufe nasa shagon, ya ga firam ɗin jingine a kan tebur.

"Kai, ta yi kyau a gilashi, muguwar!" Ya ɗauka yana dariya, ya kumbura kumatu zai fara waƙarsa, ya juya bayan. Ya sauko da gilashin goshinsa ya karanta rubutun fensir, yana gyaɗa kai. Sannan idonsa ya sauka ƙasa, inda aka rubuta: "UWATA CE. Mai firam."

Iskar da ke kumatunsa ta fita a hankali. Ya san Inna, takan zauna a bencinsa in ta zo asibiti tana jiran ɗanta ya rufe shago, ya sha cika mata baki da labari. Ya dubi 'yan kunnen, ya dubi maƙwabcinsa, wanda ya riga ya jawo zanen kurar nan mai takalmin aro yana aunawa. Ya ajiye firam ɗin da hannu biyu, ya tsaya yana shafa ƙeya.

"Ka gaishe min da Inna," ya ce.

"Za ta ji. Gobe zan kawo maka tabaranta, ƙafar ta karye."